Kafin Mu Ce Allah Ne Ya Zaɓe Shi, Mu Tambayi Ma'aikatansa

Wata Lahadi da ta wuce na fito daga sujada raina a ɓace, kuma har yau abin bai sake ni ba.

An ba wani attajiri dama ya ba da shaida. Ya tsaya gaban jama'a ya faɗi yadda ya fara ba shi da ko sisi, yau ga shi da kamfani da motoci da gidaje. Aka yi tafi, aka ɗaga murya da Halleluya. Ban ga laifin wannan ba, wanda Allah ya yi wa alheri ya faɗa.

Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Mai wa'azin ranar ya sa aka taso shi daga inda yake zaune aka kawo shi kujerar gaba. Ya ce dukiyarsa ita ce hujjar cewa Allah yana tare da shi. Ya ce irin waɗannan bayin Allah ne ya kamata su riƙe ƙasa, kuma ranar da "namu" suka hau mulki ranar ƙasa za ta miƙe.

A layin baya, kusa da ƙofa, wani saurayi yana zaune kansa a sunkuye. Na san shi. Direba ne a kamfanin mutumin da ake yi wa tafi, kuma wata uku ke nan bai ga albashinsa ba. Kwana biyu kafin wannan Lahadin ya zo wurina neman rancen kuɗin maganin 'yarsa. Shi ma ya yi tafi, don kowa yana yi.

Ni Kirista ne, kuma ina kasuwanci, ina kuma son ƙasata. Saboda haka ba daga waje nake jifa ba. Matsayina shi ne: dukiya ba takardar shaida ba ce daga Allah, ba ta kuma sa mutum ya cancanci shugabanci, kuma rubuta "Kirista" a goshin shugaba ko a goshin ƙasa ba ya gyara komai. Idan ana son sanin bangaskiyar mai kuɗi, a tambayi wanda ke ƙarƙashinsa. A can ne ake ganin amana, kuma amana ce ta haɗa ibada da kasuwa da mulki da kishin ƙasa wuri guda.

Kujerar gaba

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, abin da aka yi a gabanmu an riga an rubuta shi, an kuma hana shi. A sura ta 2 ta wasiƙar Yakubu an kwatanta mutum mai zoben zinariya da tufafi masu kyau ya shigo taro, ga kuma matalauci da tsummoki. Aka ce wa mai zoben ya zauna a wuri mai kyau, matalaucin kuwa ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Yakubu ya kira masu yin haka alƙalai masu mugun tunani.

A sura ta 5 aya ta 4 ya ƙara da wani abu mai nauyi. Ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Tun a dokar Musa, a Maimaitawar Shari'a 24:14-15, an ce a biya ɗan ƙodago haƙƙinsa kafin rana ta faɗi, ɗan'uwa ne ko baƙo, domin shi matalauci ne, ransa yana kan wannan kuɗin. Kafin rana ta faɗi aka ce. Direban nan ya ga rana ta faɗi sau casa'in.

To daga ina muka samo wannan lissafin na cewa mai kuɗi shi ne na hannun daman Allah? Yesu da kansa ya ce Uba yana fito da rana ga mugaye da nagargaru, yana sauko da ruwa ga masu adalci da marasa adalci. Mai Zabura ta 73 ya yi ikirari cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya ga mugaye suna ƙiba suna arziki. Abokan Ayuba sun shafe surori da yawa suna dagewa cewa asara alamar zunubi ce, a ƙarshe Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, ya husata da su, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Koyarwar da ke cewa dukiya hujjar tsarki ce tana da wutsiya, kuma wutsiyar ce ke yin bulala. In mai kuɗi ya samu don bangaskiyarsa, to gwauruwar da ta kwana tana addu'a ba ta samu ba, bangaskiyarta ce ta gaza ke nan. Na taɓa jin wata baiwar Allah tana tambayar ko wani zunubi ne ya sa jarinta ya karye, alhali kowa ya san bashin da aka ƙi biyanta ne ya karya ta. Ga asara, ga kuma laifin da muka ɗora mata a ka.

"To talauci kake mana wa'azi?"

Wannan ce tambayar farko da ake yi mini, kuma amsar a'a ce.

Na san yunwa ba ta sa mutum tsarki. Sau da yawa ma tana tura shi ƙarya da roƙo. Ibrahim mai dukiya ne. Lidiya, wadda ta karɓi Bulus a Filibi, 'yar kasuwa ce mai sayar da shunayya, kaya mai tsada a zamanin, kuma a gidanta masu bi suka taru. Luka 8:3 ya ambaci mata irin su Yuwana da Susana da suka ɗauki nauyin hidimar Yesu da almajiransa daga dukiyarsu. Bulus da kansa ya yi sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila a Koranti don kada ya zama nauyi ga kowa.

Wanda ya buɗe masana'anta ya ɗauki mutum hamsin aiki, yana biyansu a kan lokaci, ya yi abin da wa'azi ɗari ba zai yi ba a gidajen mutum hamsin ɗin. Ina girmama shi. Ina ma a ce muna da irinsa dubu.

John Wesley, wani mai wa'azi ɗan Ingila da ya rasu a 1791, ya koya wa mabiyansa abu uku game da kuɗi: su samu iyakar abin da za su iya samu, su tattala iyakar abin da za su iya tattalawa, su bayar da iyakar abin da za su iya bayarwa. Amma ya gindaya sharaɗi a kan na farkon, cewa kada samun ya cuci lafiyarka, ko ranka, ko maƙwabcinka. Mu kan riƙe "ka samu", mu bar sharaɗin a ƙasa.

Bulus bai ce wa Timoti ya kori masu kuɗi daga ikilisiya ba. Ya ce ya gargaɗe su kada su yi girman kai, kada su sa zuciya ga dukiya marar tabbas, su zama mawadata cikin ayyuka nagari. Amma a wannan surar, wato 1 Timoti sura ta 6, ya yi magana mai zafi a kan waɗanda suke tsammani ibada hanyar samun riba ce. Ina jin tsoro da yawa daga cikinmu mun mai da abin da aka yi gargaɗi a kansa ya zama kan maganar wa'azi.

"Kasuwa daban, coci daban"

Wani abokina ɗan kasuwa ya ce mini, "Ɗan'uwa, kai ma ka san kasuwa. In ka ce sai ka yi gaskiya a komai, za ka rufe shago kafin shekara." Ban raina maganarsa ba, don na san matsin. Na san yadda ake ji ƙarshen wata ya zo, masu bashi ba su biya ka ba, ma'aikata suna kallon ka. Na san jarabar rage inganci kaɗan, ko rubuta rasit biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na masu haraji.

Amma Littafi Mai Tsarki bai yarda da wannan katangar ba. Karin Magana 11:1 ya ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Annabi Amos ya kwatanta 'yan kasuwar da suke zaune a wurin ibada suna ƙagara Asabaci ta wuce don su koma su rage mudu, su ƙara farashi, su sayar har da dusar alkama. Mutanen nan ba sa fashin sujada. Da a yau ne, da zakka da baikonsu ba sa makara. Duk da haka Allah ya rantse ba zai manta da ayyukansu ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa mai gaskiya dole ya karye. A Ingila akwai wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kwekas. Tsawon zamani an hana su shiga jami'o'in Oxford da Cambridge, an hana su muƙaman gwamnati, sai suka faɗa kasuwanci. Sun ƙi yin rantsuwa don sun ce i ɗinsu i ne, a'a ɗinsu a'a ne. Sun sa wa kaya farashi ɗaya ga kowa, har ana iya aiken yaro shagonsu ba a fargabar za a cuce shi. Amanar nan ce ta zama jarinsu. Bankunan Barclays da Lloyds daga iyalan Kwekas suka samo asali. Iyalin Cadbury sun kai masana'antarsu Bournville a 1879, daga baya suka gina wa ma'aikata gidaje masu lambu a lokacin da leburori ke cunkushe a unguwanni masu ƙazanta.

Ba na ce su mala'iku ba ne. An zargi kamfanin Cadbury da jan ƙafa bayan da aka gano cewa kokon da yake saye daga tsibirin Sao Tome aikin mutanen da ake bautarwa ne, sai a 1909 ya daina saye. Wannan ma darasi ne: mutum yana iya kyautata wa ma'aikacin da yake gani, ya kau da kai daga wanda ke nesa.

A ɗaya gefen ga Bernard Ebbers, wanda ya shugabanci kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka. Ya kasance yana koyarwa a makarantar Lahadi, an san shi da buɗe taron kamfani da addu'a. A 2002 aka gano an yi maguɗi a littattafan kamfanin, wanda daga baya aka ƙiyasta ya kai kusan dala biliyan 11. Dubban mutane suka rasa aiki da ajiyar tsufansu, a 2005 kotu ta yanke masa shekara 25. Addu'ar buɗe taro ba ta gyara lissafin ƙarya ba.

Shi ya sa nake son labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko. Da Yesu ya shiga gidansa, bai ba da shaidar yadda ya yi arziki ba. Ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, kuma duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. A lokacin ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Na daɗe ina zuwa coci, na ji shaidar mota, na ji ta gida, na ji ta kwangila. Ban taɓa jin wani ya miƙe ya ce, "Na danne haƙƙin ma'aikatana, jiya na biya su duka" ba. Ranar da na ji wannan zan fi kowa tafi.

"Wanda ya iya kamfani zai iya ƙasa"

A nan akwai ƙanshin gaskiya, shi ya sa maganar take shiga kunne. Wanda ya saba biyan albashi ya san darajar kuɗi, ya san ɓarna, ya san yadda ake zaɓen mutumin da zai iya aiki. Ƙasa tana bukatar wannan.

Sai dai ƙasa ba kamfani ba ce. Mai kamfani yana korar wanda ba ya kawo riba. Shugaban ƙasa ba shi da inda zai kori tsoho, ko gurgu, ko ƙauyen da hanyarsa ta fi harajinsa tsada. Mai kamfani yana rufe reshen da ke jawo asara, amma asibitin karkara kullum asara yake jawowa a takarda, kuma dole a bar shi a buɗe. A kamfani maganar mai gida ita ce ta ƙarshe. A ƙasa akwai majalisa, akwai kotu, akwai ɗan jarida mai tambayar da ba ka so, kuma dole ka haƙura da su. Hausawa sun ce babba juji ne. Wanda ya shekara ashirin ba a taɓa ce masa a'a ba, da wuya ya iya zama juji.

Da 'ya'yan Zabadi suka nemi kujerun dama da hagu, Yesu ya ce sarakunan al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninku ba, wanda yake so ya zama babba sai ya zama bara. A daren da za a bashe shi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza.

Wani zai ce wannan maganar coci ce, ba ta fadar gwamna ba. To ga gwamna. Nehemiya ya riƙe Yahudiya shekara 12 a ƙarƙashin sarkin Farisa. A sura ta 5 ya faɗi cewa shi da 'yan'uwansa ba su ci abincin da aka ware wa gwamna ba, ko da yake haƙƙinsa ne, domin nauyi ya riga ya yi wa jama'a yawa. Gwamnonin da suka gabace shi sun karɓa, har barorinsu suna taka mutane. Shi bai sayi ko fili ɗaya ba, a lokacin da yunwa ta sa talakawa suna jinginar da gonakinsu, wato lokacin da fili ya fi araha ga mai kuɗi. Mutum 150 suke ci a teburinsa. Kuma da ya ji manyan gari suna cin ruwa a kan 'yan'uwansu, ya tara su a bainar jama'a ya sa suka mayar da gonaki. Dalilin da ya bayar ɗaya ne: tsoron Allah.

Sama'ila kuma, da zai sauka daga shugabanci, ya tsaya gaban jama'a ya tambaye su: san wa na ƙwace, jakin wa na ɗauka, wa na zalunta, a hannun wa na karɓi toshiya? Suka ce babu. Wannan ce jarrabawar da nake so a yi wa duk wanda ya zo neman ƙuri'armu da sunan Yesu a bakinsa. Kuma wurin da za a fara samun amsa shi ne kamfaninsa. Wanda ya riƙe albashin direba ɗaya wata uku yana canza mota, me zai yi da albashin malaman makaranta dubu goma? Hali zanen dutse ne.

"Ai namu ne"

Wannan ita ce mafi wuya, don ba daga kai take fitowa ba, daga ciwo take fitowa. Duk al'ummar da ta taɓa jin an ware ta, an hana ta aiki ko fili ko adalci saboda addininta, tana da dalilin son ganin nata a sama. Ba na wasa da wannan ciwon. Akwai Kiristoci a wurare da dama na duniya da suke biyan bangaskiyarsu da jini, kuma wanda bai ɗanɗana ba kada ya yi musu gori.

Amma tarihi ya gwada maganin "namu", mun kuma ga sakamakon.

A Disambar 1991 shugaba Frederick Chiluba ya ayyana Zambiya a matsayin ƙasar Kirista, a 1996 aka sa wannan a gabatarwar tsarin mulki. Bayan ya sauka, a 2007 wata babbar kotu a Landan ta yanke hukunci a shari'ar neman diyya cewa shi da wasu sun karkatar da kimanin dala miliyan 46 na ƙasar. Kotun Zambiya ta wanke shi daga tuhumar laifi a 2009, wannan ma gaskiya ne, dole a faɗa. Amma babu mai cewa ayyanawar ta kawar da cin hanci.

Ruwanda ta fi wannan ciwo. Kusan kowa a ƙasar Kirista ne, amma a 1994, cikin kwana kusan ɗari, aka kashe mutane wajen dubu 800. Da yawa sun gudu coci suna tsammanin nan ne mafaka, a nan aka kashe su. Majami'un Ntarama da Nyamata yau wuraren tunawa ne da waɗanda aka hallaka. Kotun ƙasa da ƙasa ta kama wani limamin coci, Athanase Seromba, da laifi kan rushe majami'ar Nyange a kan mutanen da suka fake a ciki. A 2017 Fafaroma Francis ya nemi gafara saboda gazawar ikilisiya da 'ya'yanta a wannan kisan. Masu kisan da waɗanda aka kashe baftisma ɗaya aka yi musu, amma da ranar ta zo, ƙabila ta fi baftisma ƙarfi. Ba a manta ba kuma cewa akwai masu bi da suka ɓoye maƙwabtansu, wasu har suka mutu tare da su.

A Jamus ta zamanin Hitler wani babban ɓangare na ikilisiya ya haɗa gicciye da tutar jam'iyya, ya ce Allah ne ya tayar da shugaba don ya ceci ƙasa. 'Yan kaɗan ne suka taru a Barmen a 1934 suka ce Yesu Almasihu kaɗai ne Kalmar da ikilisiya za ta saurara. Fasto Dietrich Bonhoeffer yana cikin waɗanda suka ƙi, aka rataye shi ranar 9 ga Afrilu 1945. A lokacin an kira shi maci amanar ƙasa. Yau Jamusawa da shi suke alfahari, ba da masu tutar ba.

Haɗarin "namu" shi ne yana ɗaure bakin ikilisiya. In wanda ba namu ba ya yi sata, mu hau mumbari mu yi tsawa. In namu ya yi, sai mu ce a yi masa addu'a, maƙiya ne ke neman sa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da sarki Dauda ya yi zunubi, annabi Natan bai ce masa "ai namu ne" ba, ya dube shi ya ce kai ne mutumin. Amaziya kuwa, firist na Betel, ya kori Amos yana cewa nan haikalin sarki ne. Duk cocin da ya ɗaura kansa ga ɗan siyasa, wata rana zai tsinci kansa yana aikin Amaziya.

Akwai kuma abin da ba mu cika karantawa ba. A Ishaya 45 Allah ya kira Sairus, sarkin Farisa, shafaffensa, ya kuma ce ya kira shi ko da yake bai san shi ba. Ta hannunsa aka bar Yahudawa suka koma gida. Sarakuna da yawa na Isra'ila da Yahuza, 'yan gida masu kaciya, su ne suka kai ƙasar ga rushewa. Saboda haka ba na jin kunyar cewa zan zaɓi mai adalcin da ba ya zuwa cocina a kan ɓarawon da ke zaune a kujerar gaba.

To mu janye ke nan?

Wasu sun ji irin wannan magana sai su ce siyasa ƙazanta ce, mu 'yan sama ne, a bar duniya ga masu ita. Wannan ma ban yarda da shi ba.

Gaskiya ne Bulus ya rubuta wa Filibiyawa cewa mu 'yan mulkin sama ne. Amma shi wannan Bulus ɗin, da aka miƙe shi za a yi masa bulala a Urushalima, ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a bulale ɗan ƙasar Roma ba a yi masa shari'a ba. Ya san haƙƙinsa na ɗan ƙasa, ya kuma yi amfani da shi har gaban Kaisar. A wasiƙar Romawa sura ta 9 kuma ya ce yana da baƙin ciki marar yankewa saboda danginsa. Ɗan sama ne, bai daina zama ɗan ƙasarsa ba.

Ayar da ta fi daidaita mini tunani a kan ƙasa ita ce Irmiya 29:7. Mutanen da aka kwashe zuwa Babila, birnin da ya ci su da yaƙi, aka ce musu su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a, don a cikin zaman lafiyarsa ne za su sami nasu. Ba a ce su jira sai Babila ta tuba ba. Yusufu ya tara hatsin da ya ceci Masarawa, masu bautar gumaka, daga yunwar shekara bakwai. Daniyel ya yi wa sarakunan Babila da na Farisa aiki, har maƙiyansa suka bincike shi ba su sami ko kuskure ɗaya a aikin gwamnati ba, sai da suka koma kan addu'arsa.

William Wilberforce ya shiga majalisar Birtaniya a 1780. Da ya tuba 'yan shekaru bayan haka ya yi tunanin barin siyasa, wani limamin coci, John Newton, ya ba shi shawara ya zauna. Ya zauna, ya sha kaye shekara bayan shekara, sai a 1807 aka haramta cinikin bayi. Ya rasu a 1833, shekarar da aka zartar da dokar 'yanta bayi a yawancin daular Birtaniya. Mutanen da ya yi wa wannan faɗan ba ƙabilarsa ba ne, ba su da ƙuri'ar da za su ba shi. A Uganda kuma Akbishop Janani Luwum ya kai wa shugaban ƙasa Idi Amin ƙorafin bishop-bishop kan kashe-kashe da ɓacewar mutane, a Fabrairun 1977 aka kashe shi. Bai nemi kwangila ba, bai nemi kujera wa nasa ba.

Irin wannan kishin ƙasa nake nufi. Ƙasata ta haɗa ni da mutanen da ba sa addu'a irin tawa, ba sa jin yarena, kuma ramin da ke kan hanya ba ya tambayar addinin tayar da zai fasa. In na ƙi biyan haraji, asibitin da ya rasa magani na kowa ne. In na ɗauki aiki bisa "namu", na koya wa wancan ya yi mini haka gobe. Da wani masanin shari'a ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, sai ya ba shi labarin da jaruminsa Basamariye ne, mutumin da masu sauraro suke ganin addininsa gurɓatacce ne, firist da Balawe kuwa suka ratse suka wuce.

Bayan wannan Lahadin na je wurin ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya. Na ce masa, "Baba, kafin a sake kawo mutumin nan gaba, a tambaye shi albashin yaransa." Ya yi shiru, sannan ya ce shi ne ya ɗauki nauyin rufin sabon gini, maganar tana bukatar hikima. Na ce na yarda tana bukatar hikima, amma yarinyar direban tana bukatar magani yau.

Dattijon mutumin kirki ne, ya je ya same shi a asirce kamar yadda Matiyu 18 ya koyar. A makon da ya biyo baya aka biya direban albashin wata ɗaya. Sauran wata biyun har yanzu yana jira, kuma an fara raɗe-raɗin cewa mai gidan nasa zai tsaya takara.